Kawu, Mai Ajiye Rana a Ganga

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawu, yayan innarmu, ya riga mu gidan gaskiya. An yi masa salla a Haramin Madina bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a inda iyayensa suke kwance. Mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, alhazai daga ƙasashen da ban ma san harshensu ba, suna ta rige-rigen kama makararsa, har mu danginsa muka koma bin baya.

A zaman makoki an jera kujeru a ƙofar gidansa da ke Ƙuba. Ina tsaye a layin masu karɓar gaisuwa, kowa ya zo ya dafa kafaɗarmu ya yi addu'a ya wuce. Wani tsohon dillalin kayan lambu, Balarabe, da ya zo kaina sai ya tsaya ya ce, "Kokwambar kawunka ko ido a rufe ina gane ta. Ba ta warin mai." Maƙwabcin gonarsa kuwa da dariya ya fara. Ya ce shi ne ya laƙaba wa Kawu mahaukacin ganguna, sunan ya bi unguwar gonaki ta Awali duka. Bai kai ƙarshen maganar ba ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Wani mutumin Maraɗi, wanda ya fi kowa daɗewa yana yi wa Kawu aiki, an yi an yi ya zauna ya ƙi. Ya karɓi butar gahawa yana bi kujera kujera yana zubawa, yana ɗan tarin nan nasa da muka saba ji.

Innarmu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na shiga cikin gida na same ta, abin da ta ce kawai shi ne, "Ya tafi da taurin kansa. Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar wata jikarsa, wadda take jami'a. Ta ji ana ta ambaton ganguna, sai ta tambaye ni da Larabci wai waɗanne ganguna ne. Tana jin Hausa, amma da Larabci take mayarwa, kamar yawancin 'ya'yanmu. Na ga idan jikarsa ta cikinsa ba ta sani ba, to nan da 'yan shekaru babu mai sani.

Mahaifin Kawu da ƙafa ya zo hajji, ta Sudan, ya zauna bai koma ba. A nan aka haifi Kawu, a nan aka haifi innarmu. Tun yana saurayi yake aikin dabino a gonakin Awali, hawa da barbara da yankan zangarniya, har ya tara abin da ya karɓi hayar wani fili a bayan wata tsohuwar katanga. A kan filin nan ya kafa rumfunan leda, irin waɗanda ake rufewa ruf a yi noman kokwamba da tumatir a ciki. Ni ne direbansa. Na riga na yi aure lokacin, ina da wanet ɗina, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, kullum da safe in ɗauki kwandunansa in kai kasuwar kayan lambu.

Wanda bai zauna Madina ba zai yi mamaki in an ce ana neman ɗumi a cikinta. Zafinta aka sani. Amma akwai watannin sanyi, kuma a Awali sanyin yana sauka a kan shuka kamar an yayyafa mata ƙanƙara. Kokwamba ba ta da haƙurin sanyi ko kaɗan, a lokacin ne kuma take daraja a kasuwa. Don haka duk mai rumfar leda yana da murhun dizal da yake kunnawa da yamma ya kwana yana ci. Dizal ba shi da tsada a ƙasar nan, babu mai tunanin wani abu dabam. In ka bi hanyar gonakin da sassafe sai ka ga hayaƙi ya kwanta tsakanin itatuwan dabino, ledojin duk sun yi baƙi daga ciki. Kawu ma haka yake yi, shekara da shekaru.

Wata safiya a tsakiyar shekarun casa'in muka iso gona bayan mun yi asuba a masallacin Ƙuba. Mutumin Maraɗi bai fito ya buɗe mana ƙofa ba. Kawu ya ƙwala masa kira, shiru. Da muka ɗaga ledar rumfa ta biyu, wani wari ya buge mu, muka hango shi kwance tsakanin kunyoyi kusa da murhu. Ashe sanyin ɗakinsa ne ya kore shi, ya ɗauko tabarma ya shiga inda ɗumi yake. Kawu ya riga ni isa gare shi. Dattijo ne a lokacin, amma shi ya saɓo shi a kafaɗa ya fito da shi, yana cewa, "Buɗe ido, ɗan'uwana! Kada ka yi mini haka!" Muka sa shi a bayan mota, Kawu ya zauna ya ɗora kansa a cinya har asibiti.

Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma ƙirjinsa bai koma daidai ba har yau.

Da muka dawo, Kawu ya zarce wajen rumfunan. Ya shiga rumfar, ya shafa ledar da yatsa, ya tsaya yana kallon baƙin da ya fito. Can ya ce da ni, "Ɗan ƙanwata, wannan shi yake shaƙa tun da ya zo wurina. Ni kuwa ina gida cikin bargo."

Na ce, "Kawu, ai ƙaddara ce. Kowa haka yake yi."

Ya ce, "Kowa ba shi za a tambaya a kan wannan bawan Allah ba. Ni za a tambaya."

Akwai wani injiniyan noma, mutumin Sudan, da yake zagayawa gonaki yana duba cutar shuka. Kawu ya tare shi da shayi, ya tambaye shi ko akwai yadda za a ɗumama rumfa ba tare da wuta ba. Injiniyan ya ce akwai, ya karanta, amma bai taɓa ganin wanda ya damu ya gwada a nan ba. Ya ce rana tana zuba zafi a banza duk yini, abin da ake bukata shi ne abin da zai riƙe zafin ya sake shi da dare, kuma ruwa da dutse sun iya wannan. Ya ƙara da cewa masana suna faɗin hayaƙin mai da ake ƙonawa yana taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi. Kawu ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Na sama ban gan shi ba, amma na yarda da kai, tun da na ga na ƙasa." Daga ranar suka zama abokai. Injiniyan yana zane a ƙasa da tsinke, Kawu yana tsugune yana yi masa musu.

Ganguna aka fara da su. Muka bi garejoji da wuraren 'yan gwangwan muna sayen tsofaffin gangunan ƙarfe, aka wanke, aka shafe su da baƙin fenti, aka cika da ruwa, aka jera su a cikin rumfunan ta ɓangaren da rana ke bugu. Sai dutse. Baƙin dutsen harra, wannan ƙonannen dutse da ya kewaye garin, motata ta yi jigilarsa har ƙafafunta suka gaji, aka shimfiɗa shi a hanyoyin da ke tsakanin kunyoyi. Daga baya aka naɗe baƙin tiyo a kan rufin ɗakin ajiya, ruwa yana bi ta ciki yana zafi, yana sauka cikin wani tanki da Kawu ya lulluɓe da zaren dabino da tsofaffin barguna. Da magariba a buɗe famfo, ruwan ɗumin ya bi ƙarƙashin kunyoyi. A ƙarshen kowace rumfa kuma ya tara tulin takin tumaki da sararren ganyen dabino, wanda in ka tura hannu cikinsa sai ka janye don zafi.

Awali ta samu abin dariya. Masu wucewa su leƙo ta katanga su tambaya ko gidan mai zai buɗe. Maƙwabcinsa ya ce masa, "Ya sheikh, mai ya fi ruwa araha, kai kuma kana wahalar da kanka da duwatsu?"

Kawu ya ce, "Ni baƙo ne a garin nan, ubana ma baƙo ne. Baƙo ba ya turnuƙe gidan mai masaukinsa da hayaƙi." Ya nuna wajen Harami da haɓa.

Wannan magana ya sha maimaita ta. Yana da wata kuma da yake faɗa in ya ga rana ta take: "Ga dukiya tana zuba, babu mai tara ƙwarya." Kullum kafin ya bar gona da yamma sai ya bi gangunan yana dafa su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. In ɗaya ba ta yi masa ba, sai ya tsaya ya gano abin da ya kare mata rana. Ba ya cin kokwamba a yanke. Ya tsinko, ya goge a rigarsa, ya ɓalla biyu ya miƙa wa na kusa da shi rabi. Ran Juma'a kuwa dole a yi tuwo da miyar kuka a gidansa, ko da kukar sai an bi alhazai masauki an roƙo.

Ba zan ce ba shi da aibu ba, don shi kansa ba ya son yabon ƙarya. Kawu yana da taurin kai, kuma in ransa ya ɓaci harshensa ya fi aska. Injiniyan ya ba shi shawara ya bar murhu ɗaya ɗaya a ajiye, a yi musu bututun fitar da hayaƙi waje, saboda ranar da sanyi zai fi ƙarfin ganguna. Kawu ya ƙi. Ya sa aka kwashe murhunan duka aka zubar a bayan katanga.

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya Babba, shi ke kula da ciniki, kuma a wannan kakar aka sa ranar aurensa. Da amfanin rumfunan za a yi komai. Ya roƙi mahaifinsa a bar ko murhu biyu, bai samu ba. Sai ga shi an yi wasu kwanaki na hadari, rana ba ta fito ba, gangunan suka yi sanyi ƙalau, a bayan hadarin kuma wani mugun sanyi ya sauka. Da safe muka tarar da kokwambar rumfa biyu ta langaɓe, ganyen ya yi baƙi kamar an dafa.

Ina wurin aka yi rigimar. Yaya Babba ya tsinko ganye ɗaya ya riƙe a gaban mahaifinsa, yana magana rabi Hausa rabi Larabci.

"Abuya, ga abin da duwatsunka suka yi. Na faɗa maka. Injiniya ma ya faɗa maka."

"Abin da Allah ya ƙaddara ne."

"Da mutum ya faɗi ka ce ba ƙaddara ba ce, laifinka ne. Yau da shuka ta mutu ta zama ƙaddara? Me zan je in gaya wa iyayen yarinyar nan?"

Maganar ta soki Kawu, don gaskiya ce. Ya ce, "Wanda kokwamba ta fi masa ran mutum, ban san inda ya samo halin ba. Ba a gidana ba."

Yaya Babba ya saki ganyen ya faɗi. Ya juya ya fita. Aka ɗaga auren sai wata shekara, kuma da aka ɗaura, ya ɗauki matarsa ya koma garin Yanbu ya kama aiki a wani kamfani. Yakan zo da salla, ya sumbaci kan mahaifinsa, su gaisa kamar surukai, ya koma. Gona kuwa bai sake taka ta ba. Innarmu ta yi ta kai gwauro tana kai mari a tsakaninsu. Ta ce da Kawu, "Yaya, kai ne babba, kai kuma ka yi kuskure." Ya ce mata ta je ta kula da tukunyarta.

Amma kafin sanyi ya sake zagayowa, ya kira ni ya ce in kai shi wurin maƙera. Ya sa aka gyara murhu biyu daga cikin waɗanda ya zubar, aka yi musu dogon bututu da ke fita waje, kamar dai yadda injiniyan ya faɗa tun farko. Aka kuma ƙara leda ta biyu da ake ja a kan shuka da yamma. A hanyar dawowa na ce, "Kawu, in gaya wa Yaya Babba?" Ya dubi titi ya ce, "Kai direba ne ko ɗan aike?"

Daga nan abin ya zauna. Yawancin lokacin sanyi gangunan da dutsen da takin sun isa, murhu sai an matsu. Ledojinsa suka daina baƙi, suka riƙa daɗewa. Wasu maƙwabta suka fara shigowa, wai sun zo shan shayi, idonsu yana kan tankin. Wanda ya laƙaba masa sunan nan shi ya fara aiko ma'aikatansa su auna tsawon tiyo. Kawu bai tuna masa da komai ba, ya ma ba shi ragowar fenti. Ba duka suka bi ba. Da yawa sun ga wahalar ta yi yawa a kan man da ba shi da tsada, har yau suna kunna abinsu. Wannan yana damunsa, amma yakan ce shi ba hukuma ba ne.

Mutumin Maraɗi kuwa, da likita ya ce kada ya ƙara aiki a rufaffen wuri, shi da kansa ya haɗa kayansa, don ya san abin da aka saba yi wa ma'aikacin da ƙarfinsa ya ragu. Kawu ya same shi ya ce, "Ina za ka?"

"Gida, Baba. Ba ni da amfani a nan."

"Da ƙirji lafiyayye ka zo mini. In mayar wa uwarka da kai haka? Ajiye jakar nan."

Ya ware masa wani yanki a fili, ya ce ya shuka na'ana'a, abin da ya fito a raba. Ya sa aka ja tiyon ruwan ɗumi ya bi ta ƙarƙashin daɓen ɗakinsa. Takardunsa na zama kuwa Kawu bai taɓa bari sun mutu ba.

Akwai wani abu da ya yi wanda ko iyalinsa ba duka suka sani ba. Ya lura leburorin gonaki, Hausawa da 'yan Bangladesh da 'yan Yaman, suna alwalar asuba da ruwan da ke yanka hannu. Sai ya huda katangarsa ta wajen hanya, ya fitar da famfo ɗaya daga tankin, ya ajiye dutsen zama a gabansa. Na ce masa ruwan shuka zai ragu. Ya ce to a ƙara tiyo a rufi. Ba a rubuta komai a wurin ba. Mutane da yawa sun ɗauka na masallaci ne.

Ciwon ajalinsa ya kama shi bayan an shiga shekarun dubu biyu, a hankali, har ya kai ba ya iya zuwa gona. Babu wanda ya kira Yaya Babba. Wata rana kawai na iso da mota na tarar da shi a cikin rumfa, ya naɗe hannun riga, mutumin Maraɗi yana tsaye daga bakin ƙofa yana nuna masa yadda ake buɗe famfunan. Ya ɗauki hutu daga aiki, hutun ya ƙare bai koma ba. Ya ga murhunan nan biyu da bututunsu, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa. Ya ce, "Kuma bai faɗa mini ba." Na ce, "Ka san mahaifinka."

Sanyin bana ya zo da ƙarfi, Kawu yana kwance a asibiti. Ranar da muka je duba shi tare da Yaya Babba, bayan azahar, innarmu tana zaune a gefen gado. Ya rame ƙwarai, amma hankalinsa garau. Bai tambayi kowa ba sai shuka.

Tun a mota na ba Yaya Babba shawara ya ce komai lafiya, kada a tayar wa mara lafiya hankali. Bai bi shawarata ba. Ya ce, "Abuya, an yi hadari. Na kunna murhu."

Innarmu ta harare mu.

Kawu ya ce, "Shukar ta tsira?"

"Ta tsira, duka."

"To ka yi daidai. Da ni ne, da na tsaya taurin kai." Ya numfasa, ya miƙo hannu yana laluben na ɗansa. "Maganar da na faɗa maka a gona. Ƙarya na yi. Halinka a gidana ka same shi, kuma ya fi nawa. Ka yafe mini."

Yaya Babba mutum ne mai 'ya'ya, har furfura ta fara fito masa. Sai ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan hannun mahaifinsa, kafaɗunsa suna girgiza. Innarmu ta tashi ta kama hannuna ta ja ni waje, ta rufo musu ƙofa. A barandar asibitin ta ce da ni, "Shekara nawa ina roƙonsa wannan kalma. Sai da ya ga dama."

Bai ƙara mako ba a duniya.

Filin ba namu ba ne, kuma gine-gine suna ta matsowa Awali, ban san shekara nawa suka rage wa rumfunan ba. Yaya Babba ya ce muddin suna hannunsa haka za su ci gaba. Jiya da yamma na je ɗaukar kwanduna, na same shi yana faɗa da mutumin Maraɗi a kan inda za a kafa sabuwar rumfa, kowa ya kafe a kan nasa, har sai da na raba su.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi maƙwabtakar mai masaukinsa, wanda ya yi wa garinsa kara. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da kyau.